Ko Ɗan Gida Ne, A Yi Masa Tambaya

Daga Barunde, Gombe

Batun da za mu taɓa yau shi ne yadda Majalisar Dattijai ke tantance mutumin da za a danƙa wa ragamar hukumar da ke sa ido a kan man fetur da gas, domin abin ya taɓa faɗowa a kan ɗan garinmu.

Ran 17 ga Disamba, 2025, Injiniya Farouk Ahmed ya sauka daga shugabancin hukumar NMDPRA, bayan da Alhaji Aliko Ɗangote ya fito fili ya zarge shi da kashe dala miliyan 5 wajen karatun 'ya'yansa a Suwizalan. Zargi ne dai, mu ba alƙalai ba ne. A wannan rana kuma Shugaba Tinubu ya aika wa majalisa sunan Injiniya Sa'idu Aliyu Mohammed, haifaffen Gombe, don ya gaje shi. Kafin makon ya fita an kira shi, an saurare shi, an amince. A nan gida an yi murna, har wasu na cewa ai Allah ne ya kashe ya ba mu.

To, murna ba laifi ba ce. Mutumin ya san aikin: a Jami'ar Ahmadu Bello ya gama karatun injiniya a 1981, ya shugabanci matatar mai ta Kaduna, ya shugabanci kamfanin gas na ƙasa, ya kai ga manyan kujerun NNPC. Amma fa mu ra'ayinmu shi ne, kwana biyu ba su isa a auna mai riƙe irin wannan kujera ba, ko ɗan wane gari ne. Wanda zai sayi tsohuwar tanka a Ikko ma yakan fi haka daɗewa yana leƙa ƙarƙashinta.

Ku duba girman abin. Dokar mai ta 2021 ce ta kafa wannan hukuma, ta haɗe mata aikin hukumar ƙayyade farashi, da na asusun daidaita kuɗin dakon mai, da wani sashe na tsohuwar DPR. Ita ke ba da lasisin shigo da mai daga waje, ita ke duba matatu da rumbunan ajiya, ita ce kuma ke da ikon rufe gidan man da aka kama yana tauye mudu. Wa'adin shugabanta shekara 5 ne. Wato ɗan acaɓa da mai injin niƙa a Barunde, da mai sayar da ruwan sanyi da ke kwana da janareta, duk sa hannun mutumin nan yana shiga aljihunsu ko sun san sunansa ko ba su sani ba.

Ku da ke jan tankoki daga Apapa da Lekki kun fi kowa sanin inda gizo ke saƙa. An buɗe matatar Kaduna a 1980, aka ja bututu ya bi ta Jos ya iso rumbun Gombe ya zarce Maiduguri, don kada man Arewa ya dogara ga mota. Bututun ya bushe shekara da shekaru, sai aka koma ɗora mai a kan titi, tafiyar fiye da kilomita 1,000. A da asusun dako ne ke cike giɓin, a sayi lita kusan kuɗi ɗaya a Ikko da Gombe. Tun da aka janye tallafi ran 29 ga Mayu, 2023, kuɗin hanya ya koma wuyan mai saye, wanda ya fi nisa da teku shi ya fi biya. Ga mutum a gaban dattijai wanda ya taɓa riƙe wannan matata da hannunsa. Ashe ba dama ce ta samu ba a zaunar da shi yini guda, a ce, Injiniya, me ya kashe matatar nan, kuma me za ka yi dabam yanzu da kai ne mai sa ido? Wannan ba cin mutunci ba ne. Mai gaskiya ma daɗi zai ji, domin ya sami fagen wanke kansa a gaban ƙasa.

Akwai kuma wata. Sanarwar fadar shugaban ƙasa da kanta ta ce a ranar da aka ba da sunansa, a ranar ce kamfanin Seplat ya bayyana shi cikin daraktocinsa. Seplat kuwa yana harkar sarrafa gas, wato yana cikin waɗanda hukumar ke dubawa. Ba mu ce an yi wani abin kunya ba, amma irin wannan a bainar jama'a ake warware shi, a rubuce, ya ajiye wancan kafin ya hau wannan, kuma a faɗa wa mutane hannun jarin da yake da shi a ko'ina. Haka nan rigimar da ta ci wanda ya gada, wato ko a ci gaba da ba 'yan kasuwa lasisin shigo da mai ko a bar wa matatar Ɗangote mai tace ganga 650,000 a rana kasuwar, ta cancanci a ji matsayinsa dalla-dalla. Talaka ba ya son gurɓataccen mai daga waje, ba ya kuma son ranar da mutum ɗaya zai wayi gari ya yanka farashi yadda ya ga dama.

Wani zai ce, to ai gara da aka yi sauri, kun manta abin da ya sami ɗan Kano? Ba mu manta ba. A watan Agusta na 2025 aka ba da sunan Injiniya Abdullahi Garba Ramat, tsohon shugaban ƙaramar hukumar Ungogo, don ya shugabanci hukumar wutar lantarki, NERC. Kwamiti ya saurare shi, sa'an nan majalisa ta jingine maganar, aka ce akwai ƙorafe-ƙorafe, aka yi ta jifan juna da zargi, har a Disamba aka ba Dokta Musiliu Oseni kujerar. Idan ƙorafin na da tushe, me ya hana a karanta shi a zaure a ba shi damar amsawa? Wancan an ja shi wata huɗu a duhu, wannan an wuce da shi cikin kwana biyu, kuma duka biyun ba a gaya wa mai biyan kuɗin wuta da na mai kome ba.

Laifin ba na dattijai kaɗai ba ne, har da mu. Da zarar an ambaci namu sai mu ɗauki duk mai tambaya maƙiyin Arewa ne, alhali wanda ya sauka ma ɗan Arewa ne, mai zarginsa ma haka, kuma hakan bai rage ko kwabo a kan lita a Barunde ba.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyoyin direbobin tanka, da sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Sabon Badun, duk ranar da aka sake aika sunan wani don irin wannan kujera, su rubuta wa sanatocinsu tambayoyi tun kafin a zauna. Jihar Gombe na da sanatoci 3. A nemi a ba da aƙalla mako biyu don karɓar ƙorafi, a yi zaman a buɗe a sa a rediyo, kuma tambaya ta farko ta zama ta bututun Kaduna zuwa Gombe.