Tsargiya: Hatsarin Shiga Rafi Da Rana Tsaka

Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsai da 2030 a matsayin shekarar da take son a karya lagon tsargiya, wato cutar fitsarin jini. A 2022 kuma ta ba da shawarar a riƙa raba maganin farazikwantal har ga yara 'yan shekara 2 a wuraren da cutar ta yi katutu. Wannan abin murna ne. Sai dai maganin tsutsar da ke jiki kawai yake kashewa. Yaron da ya sha yau, in ya koma rafi gobe, yana iya sake ɗauka. Saboda haka ya kamata mu san abin da ke faruwa a cikin ruwan.

Tsutsar ba ta wucewa daga mutum zuwa mutum kai tsaye. Mai cutar yakan yi fitsari a ruwa, ƙwai su ƙyanƙyashe, 'ya'yan su shiga jikin wata ƙaramar katantanwa su hayayyafa na makonni. Abin da ke fito da su kuwa haske ne. Masu bincike ma, in suna son gane katantanwa mai ɗauke da cutar, a ƙarƙashin fitila suke ajiye ta, sai tsutsotsin su yi ta fitowa. Haka yake a rafi: sun fi yawa daga hantsi zuwa azahar, su huda fatar duk wanda suka samu.

To, 'yan'uwa, wannan ne lokacin da zafi ke kora yaranmu iyo, mata na wanki, manoman rani na ban ruwa. Madatsun ruwa irin su Tiga da Bakolori sun kawo abinci, amma magudanansu mazauni ne mai daɗi ga katantanwa.

Abin yi a bayyane yake. In shiga ruwa ya zama dole, mu shiga da sassafe. Hatsarin ya ragu, ko da yake bai ƙare ba. Ruwan wanka a tafasa shi, ko a ajiye shi kwana 2, domin tsutsar ba ta wuce haka in ba ta sami mutum ba. Ikilisiyoyin da ke yin baftisma a rafi bayan sujada su sake duba lokacin, ko su yi amfani da ruwan rijiya. Yaro kuma in ya yi fitsarin jini, kada mu ce alamar balaga ce. A kai shi asibiti.