Wa Ya Tambayi Lambata? Mu Daina Bari Ana Faɗin Ra'ayinmu a Bayan Idonmu



Guguwar 2027 ta fara kaɗawa, kuma mun fara ganin abin da muka saba gani. Wani zai ɗora hotunan 'yan takara huɗu a Facebook ya ce a zaɓa, gobe ya fito ya ce "talakawan Neja sun yanke hukunci". Wani zai cika motoci da mutanen haya, a ɗauki hoto daga sama, a ce "Arewa ta yi magana". Tambayarmu ɗaya ce: a cikinmu nan Lambata, wa aka taɓa tsayarwa a kasuwa ko a gona aka tambaye shi ra'ayinsa? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma kullum wasu ne ke ba da labarin ɗakinmu.

Jin ra'ayin jama'a ilimi ne mai ƙa'ida, kuma 'yan kasuwarmu sun san ƙa'idar tun kafin masu boko. Mai sayen masara ba ya zazzage buhu gaba ɗaya, kuma ba ya yarda da abin da aka jera masa a baki. Sai ya soka ƙarfe a sama, a tsakiya, a ƙasa, sannan ya yi ciniki. Haka binciken ra'ayi yake. Mutum dubu biyu da aka tsamo daga kowane lungu, maza da mata, birni da ƙauye, sun fi mutum miliyan da suka fito daga gefe guda. A Amurka a 1936, mujallar Literary Digest ta tattara amsoshi sama da miliyan biyu ta ce Landon zai kayar da Roosevelt. Da aka yi zaɓe, Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. Mujallar ta samo sunaye ne daga masu tarho da masu mota, wato ta ɗebo bakin buhu kawai.

Mu ma mun ga irin wannan a gida. Kafin zaɓen 25 ga Fabrairu 2023, binciken da NOI Polls ta yi wa gidauniyar ANAP ta wayar tarho ya nuna Peter Obi a gaba, tare da ɗimbin mutanen da suka ƙi faɗin zaɓinsu ko suka ce ba su yanke shawara ba. Wani binciken da aka yi wa kafar Bloomberg ta manhajar waya ya ba shi fiye da kashi 70 na waɗanda suka yanke shawara. Sakamakon INEC kuwa ya ba Bola Tinubu kimanin ƙuri'a miliyan 8.8, Atiku Abubakar kusan miliyan 7, Obi miliyan 6.1, Rabi'u Kwankwaso kusan miliyan 1.5. Ba mu zargi masu binciken da ƙarya ba. Abin da muke cewa shi ne, tsohuwar da ke sayar da doya a bakin titi ba ta da manhaja, manomin da ke wuni a gona inda babu sabis ba zai ɗaga kira ba, kuma da yawanmu in baƙuwar lamba ta tambayi wanda za mu zaɓa, kashe wayar za mu yi. Don haka duk wanda ya turo muku sakamakon bincike, ku tambaye shi abu biyar: wa ya biya kuɗin aikin, mutum nawa aka tambaya, a ina, da wane harshe, kuma ta waya ko ido da ido? In ya kasa amsawa, farfaganda ce ya yi mata ado da lamba.

Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya. Akwai ƙidaya ɗaya da doka ta tilasta a yi da mu, ita ce ta rumfar zaɓe, kuma ita ce muke gudu. A 2023 mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rajista, amma waɗanda suka kaɗa ƙuri'a ba su wuce kashi 27 cikin ɗari ba. Ma'ana, shugaban da ke mulkin ƙasar nan ya hau kujera da ƙuri'ar ƙasa da mutum ɗaya cikin goma na masu rajista. A Jihar Neja ma waɗanda suka fito ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Sauran suna gida suna cewa "an riga an rubuta". Wanda ya zauna a gida bai hukunta kowa ba, ya dai rage wa mai sayen ƙuri'a kuɗin da zai kashe.

Kuma ku sani tsarin mulki ya ba ƙuri'ar garuruwa irin namu nauyi. Sashe na 134 ya ce bai isa ɗan takara ya fi kowa yawan ƙuri'a ba, sai ya samu aƙalla kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu cikin uku na jihohin ƙasa, wato jihohi 24. An tsara haka ne don kada wani ya tara ƙuri'ar yankinsa kaɗai ya mulki kowa. A 1979, lokacin da jihohi suke 19, sai da rigimar lissafin "sha biyu da biyu bisa uku" ta kai Shehu Shagari da Obafemi Awolowo gaban Kotun Ƙoli, saboda a Jihar Kano Shagari ya tsaya ƙasa kaɗan da kashi 20. Ƙuri'ar jiha ɗaya ta kusa juya tarihin ƙasa. To wa ya ce ta Neja ba ta da daraja, har za mu sayar da ita a kan taliya da sabulu?

Mu tuna kuma wannan ƙuri'a an zubar da jini a kanta a nan kusa da mu. Ranar 8 ga Afrilu 2011, jajibirin zaɓen 'yan majalisa, bam ya tashi a ofishin INEC na Suleja, ya kashe mutane ciki har da matasa masu hidimar ƙasa da suka zo yi mana aikin zaɓe. 'Ya'yan wasu ne. Bai dace su mutu a bakin aiki mu kuma mu kwanta barci ranar zaɓe ba.

Bayan zaɓe fa, wa ke tuhumar shugaban ƙasa? Sashe na 143 ya ba Majalisar Tarayya ikon tsige shi: kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisa su sa hannu a takardar zargi, Alƙalin Alƙalai ya kafa kwamitin mutum bakwai, sannan kashi biyu cikin uku na kowane zaure su amince. Tun 1999 ba a taɓa tsige shugaba ko ɗaya ba. Talaka ba shi da hanyar yi wa shugaban ƙasa kiranye, amma sashe na 69 ya ba shi wannan dama a kan sanata da ɗan majalisar wakilai, in fiye da rabin masu rajista a mazaɓa suka sa hannu. Wannan ma dutse ne mai wuyar hawa, an gwada a kan Dino Melaye a Kogi a 2018 abin ya ci tura. Duk da haka darasin a fili yake: igiyar da ke ɗaure shugaban ƙasa tana hannun 'yan majalisa, igiyar 'yan majalisa kuma tana hannunmu. Sanatan Neja ta Gabas da ɗan majalisar Gurara, Suleja da Tafa su ne bakinmu a Abuja. In mun mayar da su masu rabon shinkafa da kuɗin suna, kada mu yi mamaki in sun yi shiru ranar da ake amincewa da kasafin kuɗi.

Abin tuhuma kuwa ba ya buƙatar dogon nema. Titin Suleja zuwa Minna da ya ratsa garinmu ya shafe fiye da shekara goma ana aikin mayar da shi tagwaye, gwamnatoci sun zo sun wuce. Titin Lambata zuwa Lapai, Agaie da Bida, direbobin tanka da tirela sun fi kowa sanin halinsa. Dukkansu na Gwamnatin Tarayya ne. Ranar 18 ga Janairu 2025 tankar mai ta faɗi ta kama wuta a mahaɗar Dikko, a cikin ƙaramar hukumarmu ta Gurara, mutane sama da 80 suka rasu, da yawansu wajen kwasar fetur. Ganganci ne, mun yarda. Amma mu tambayi kanmu me ya sa mutum zai sayar da ransa saboda jarka ɗaya, tun bayan da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 ba tare da an tambayi ko ɗayanmu ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Wasu za su ce mu ƙungiyar gari ce, ina ruwanmu da siyasa. Ba jam'iyya muke tallatawa ba, kowa ya zaɓi wanda ransa ya kwanta da shi. Abin da muke kira a kai shi ne mu auna ra'ayinmu da kanmu. Matasanmu masu ilimi su zaga unguwa-unguwa da ƙauyukan kewaye, su tambayi Bahaushe da Bagwari da Bafulatani da Banufe, mace da namiji, Musulmi da Kirista, kowa da harshensa, abubuwa uku da suka fi damunsa. A rubuta, a karanta a bainar jama'a, a miƙa wa duk ɗan takarar da ya zo. Duk alkawarin da ya ɗauka a rubuta shi da rana da wata. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman bayanin kwangila daga ma'aikatar tarayya, ta kuma ba ta kwana bakwai ta amsa, mu yi amfani da ita a kan titunan nan. Ranar zaɓe mu fito, mu tsaya har a ƙirga, mu ɗauki hoton takardar sakamako da aka manna a rumfa. Wanda ya kai shekara 18 ya je ya yi rajista, wanda katinsa ke kwance a ofishin INEC ya je ya karɓo.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In muka ci gaba da shiru, wasu za su ci gaba da faɗin ra'ayin Lambata daga otel-otel na Abuja, mu kuma mu ci gaba da jana'iza a bakin titi.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a Dikko da Suleja, Ya ba mu shugabanni masu jin tsoronSa, Ya ba mu ƙarfin halin tambayar su. Amin.