Tsadar asiransi: matasan direbobi na kuka, amma wa ke biya ranar tsautsayi?

Kusan duk ranar da muka buɗe layin tarho a shirinmu na rediyo kan harkar sufuri a Damagaram, kukan matasa guda ne. Ɗan kabu-kabu zai kira, mai adaidaita zai kira, yaron da ya samu taksi ko hiyas a hannun maigida shi ma zai kira, kowa na cewa kuɗin asiransi, wato inshora, ya fi ƙarfinsa. Wani ma cewa ya yi shi bai ga amfaninta ba in ban da nuna wa jandarma a bakin shinge. Muna ganin maganar ta wuce ta direbobi su kaɗai, domin Alhajin da ya sayi babur ya ba yaro, da Hajiyar da ke hawa bayansa kowace safiya zuwa kasuwar Dole da kwandon kayanta, duk tana shafarsu, ko sun sani ko ba su sani ba.

Bari mu fara da inda dokar ta fito. Ba magajin gari ya ƙirƙiro ta ba, ba kuma 'yan sandan Zinder ba. A ranar 10 ga Yuli 1992, a birnin Yawunde na Kamaru, Nijar ta sa hannu tare da wasu ƙasashen Afirka a kan yarjejeniyar da ta kafa ƙungiyar CIMA mai sa ido kan kamfanonin inshora. Kundin dokokinta ya fara aiki a 1995, kuma ƙasashe 14 ke bin sa, ciki har da Cadi, Benin, Mali da Burkina Faso. Aya ta 200 ta wannan kundi ta wajabta wa duk mai abin hawa da ke tafiya da inji ya yanki asiransin da za ta biya mutanen da ya yi wa ɓarna. Babur yana ciki, adaidaita tana ciki. Ficewar Nijar daga CEDEAO a Janairun 2025 ba ta taɓa wannan doka ba, domin CIMA daban take.

To me ya sa nauyin ya fi danne matashi? Ruwa ba ya tsami banza. Kundin ya ce kowane kamfani na iya yanka farashinsa, amma ba zai sauka ƙasa da wani mizani da hukuma ta amince da shi ba. Ana duba yankin da abin hawa ke yawo, da ƙarfin injinsa, da aikin da ake yi da shi, da kuma irin mutumin da ya saba tuƙa shi. Ma'aikacin gwamnati da ke fita da motarsa daga gida zuwa ofis ya dawo, ba ɗaya yake da wanda ke kwasar fasinja tun asuba har dare tsakanin Zinder da Mirya ba. Ɗaukar fasinja don kuɗi yana cikin rukunin da ya fi tsada, domin kowane kai da ke cikin motar rai ne da kamfani zai biya in an yi haɗari. Kuma a nan garin, wa ke wannan aiki? Matasa ne. Yaron da bai samu aikin ofis ba, bai da jarin buɗe shago a Zango ko Sabon Gari, babur ne ko adaidaita ke zama masa mafita. Ke nan daga shigarsa sana'a ya faɗa layin da ya fi kowane tsada.

Dalili na biyu shi ne biya nan take. Tun daga 2011 aka gyara aya ta 13 ta kundin, aka ce asiransi ba ta fara aiki sai an biya kuɗinta. An yi haka ne domin bashi ya yi wa kamfanoni katutu har suna kasa biyan waɗanda aka yi wa ɓarna. Gyaran yana da hujjarsa, amma ga mai samun kuɗi kullum-kullum, wanda abin da ya samu yau shi zai ci yau, tara dunƙulen kuɗi a biya lokaci guda ba ƙaramin aiki ba ne. Shi ya sa da yawa ke yankar ta wata uku, wadda in aka lissafa ta zuwa shekara ta fi ta shekara guda tsada. Talaka ne kullum ke sayen abu da tsada saboda ba ya iya sayen sari, kuma 'yan kasuwa sun fi mu sanin wannan.

Na uku, ribar aikin ta ragu. Shekaru da dama man ruwa-ruwa da ke shigowa daga Najeriya ta Magarya da Matamaye shi ke riƙe da 'yan kabu-kabu. Da shugaba Bola Tinubu ya janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, wannan arahar ta kau. Gwamnatinmu ta rage farashin litar fetur daga sefa 540 zuwa 499 a Yulin 2024, an ji sauƙi, amma kayan gyara, taya da baƙin mai ba su sauko ba. Idan yaro ya cire kuɗin mai, ya cire kuɗin ranar da zai miƙa wa maigida, ya sayi abinci, abin da ya rage ba ya kai ya tuna da wata takarda.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, kuma dole mu faɗa wa ƙannenmu ita ko da ba daɗi. Kamfanonin ba su yi ƙarya ba da suke ganin matashi a matsayin haɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29, kuma rahotonta na 2023 ya nuna mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya kowace shekara, nahiyar Afirka ce kuma ta fi yawan mace-mace in aka kwatanta da yawan jama'a. Ba sai mun je nesa ba. Duk wanda ya taɓa kwana jinya a babban asibitin Zinder ya ga masu karaya da ake shigowa da su, ya kuma ga shekarunsu. Gudu, goyon mutum biyu ko uku, rashin hular kwano, tuƙi ba parmi, duk muna gani da idonmu.

A wasu ƙasashen ma kai tsaye ake cin matashi tara saboda ƙuruciyarsa a tuƙi. A Faransa doka ta yarda kamfani ya ninka wa sabon direba kuɗin asiransi a shekarar farko. Amma ku dubi sauran tsarin: in ya shekara bai yi haɗari ba, ƙarin nan yana raguwa da rabi, kuma duk shekarar da direba ya wuce lafiya ana rage masa kashi 5 cikin 100, har ya kai ga biyan rabin kuɗi bayan shekara 13. Wanda ya jawo haɗari kuwa a ƙara masa kashi 25. Wato yaro na gani da idonsa cewa natsuwa tana da lada. A maƙwabciyarmu Najeriya, hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗin inshorar ƙananan motoci daga naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon 2023, 'yan sanda kuma suka tsananta bincike daga Fabrairun 2025. Kuka dai ko'ina ana yi.

Yanzu ga inda maganar ta iso gare ku, 'yan kasuwa da iyayenmu mata. Idan yaron da ke tuƙa babur ɗin Alhaji ya kaɗe mutum kuma babu asiransi, yaron ba shi da komai sai rigar wuyansa. Wurin mai abin hawa za a zo. Kuɗin magani, kuɗin ɗori, ciyar da iyalin wanda ya kwanta, wani lokaci har diyyar rai, duk daga jarin shago za su fito. Babur ɗin da aka saya don ya kawo riba sai ya cinye buhunan da ke cikin sito. Ita kuwa Hajiya da ta faɗo daga bayan kabu-kabu ta karye, wata uku ba ta zama a rumfarta, jarin ya tafi wajen magani, kuma abin da za ta samu bai wuce "Allah ya kiyaye gaba" ba.

Alhali kuwa dokar ta ba ta haƙƙi, mutane ne ba su sani ba. Fasinja da mai tafiya a ƙasa da suka ji rauni, kamfanin da ya yi wa abin hawan asiransi shi ke biyansu, kuma ba a hana su don an ce sun yi sakaci, sai fa wanda da gangan ya nemi abin ya same shi. Ko da direban ba shi da parmi, ko ya yi lodin da ya wuce ƙa'ida, kamfani ba zai fake da wannan ya hana wanda aka ji wa ciwo ba. Zai biya, sannan ya juyo ya bi mai laifin kuɗinsa. Wannan kuma gargaɗi ne ga duk maigidan da ke miƙa makulli ga yaron da bai da parmi. Cikin abubuwan da asiransin dole ba ta ɗauka akwai raunin direban kansa, da hajar da aka ɗora. In buhunan barkono ko atamfofinki sun lalace a hanyar Gure, wannan sai da wata asiransin daban.

Abin da ke kashe haƙƙin nan shi ne yadda muke yi bayan haɗari. Kafin 'yan sanda su iso an ɗauke babur, dattawa sun shiga tsakani, an ce a bar wa Allah. Sulhu alheri ne, ba mu musu. Amma in ba a kira hukuma ta yi awo ta rubuta takarda ba, in ba a karɓi takardar likita ba, in ba a sanar da kamfani cikin kwanakin farko ba, to an yafe wa kamfani ne, ba a yafe wa yaron ba. Muna biya, ba mu karɓa, sannan mu ce asiransi cuta ce. Su ma kamfanonin suna da nasu laifin. Koken da ke iso mana shi ne jan ƙafa, da yawan takardu, da jiran amsa daga Yamai, ga shi komai da Faransanci ake rubuta shi. Mutumin da ya taso daga Tanut ko Dungas sau biyu ya koma hannu rabbana, ba zai dawo na uku ba, kuma zai gaya wa duk garinsu.

Mece ce mafita? Na farko, mai abin hawa ya ɗauki asiransi a matsayin kuɗin sana'a, kamar haya da patanti, ya daina jibga wa yaro ita. Dukiyarsa yake karewa. Na biyu, mu yi amfani da abin da muka iya, wato adashe. A ce misali kuɗin shekara jika 36 ne: in aka raba shi, dala ashirin ce a rana. Sandikar 'yan kabu-kabu ko ta masu adaidaita na iya karɓar wannan kullum a tasha, ta je wa kamfani da mutum ɗari a dunƙule, ta nemi ragi ga wanda ya shekara bai yi haɗari ba, ta kuma sa wakili mai ilimi da zai bi takardun duk wanda abin ya shafa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na uku, ga waɗanda zuciyarsu ba ta kwanta da asiransi ba saboda addini, akwai tsarin takaful na taimakon juna, wanda CIMA ta yi wa doka a 2019, kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful kuma suna aiki da shi a Najeriya. Malamanmu da manyan 'yan kasuwar Damagaram na da bakin da za su nemi a kawo shi kusa. Na huɗu, hukumar kiyaye haɗurra ta ANISER da kamfanonin su fito gidajen rediyo su yi bayani da Hausa da Barbarci, su faɗi abin da aka biya da wanda bai biyu ba.

Ke kuma uwa, kafin ki ɗora kwandonki gobe da safe, babu kunya ki tambayi yaron ko takardarsa na da rai. Ranar da fasinjoji suka fara zaɓen mai asiransi, ranar za ta daina zama takardar jandarma. Allah ya tsare mu da tsautsayi, ya ba matasanmu abin yi mai albarka.