Masu Ba Gwamnati Shawara Su Sauko Kasuwa

An daɗe ana cika wa jama'a kunne da zancen tattalin arziki na zamani, wato ciniki da biyan kuɗi ta kwamfuta da wayar hannu. Tun 2019 aka ƙara wa Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya suna saboda wannan, aka kuma fito da tsarin shekara goma, daga 2020 zuwa 2030. Daga nan masana da masu ba da shawara suka duƙufa, yau taro a Abuja, gobe a Ikko, ana ta rubuta rahotanni da Turanci a kan yadda za a ɗaukaka kasuwancin masu zaman kansu.

To, su wane ne masu zaman kan nan? Mai kawo tumatir Mile 12 daga Kadawa, da mai shanu a Lokpanta, da dillalin goro a Shagamu, babu wanda gwamnati ke biya albashi a cikinsu. Su ne ke ciyar da biranen Kudu, amma da wuya a ji wani mai bincike ya shimfiɗa tabarma a rumfarsu ya tambaye su yadda suke biya da yadda ake biyansu. Mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo.

An ga abin da rashin tambayar nan ya haifar. Ran 25 ga Oktoba 2021 aka ƙaddamar da eNaira, bayan Babban Banki ya ɗauko kamfanin Bitt daga Babados. A 2023 wani binciken Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya nuna kashi 98.5 cikin 100 na asusun da aka buɗe mako kan wuce ba a taɓa su ba. A Oktoba 2022 kuma aka ba da sanarwar canza takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka yanke wa'adin 31 ga Janairu 2023, wai don a rage hulɗa da tsabar kuɗi. Alhali tun 2020 binciken EFInA ya nuna fiye da rabin manyan mutanen Arewa maso Yamma ba su hulɗa da banki ko makamancinsa. Wanda ya sayar da kayan gwari a Ikko ta waya, da me zai biya manomin da ba shi da asusu? Haka kaya suka yi ta ruɓa, aka karyar da farashi, sai da jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ran 3 ga Maris 2023 cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin takardu.

Kada wani ya ce 'yan kasuwar Arewa ne ke gudun zamani. Na'urar POS ta cika Agege da Sabon Badun ba tare da an kafa wa kowa doka ba, domin ɗan kasuwa ya ga kuɗinsa na shiga nan take. Abin da ya biya bukata, ba sai an yi masa shela ba.

Saboda haka duk shawarar da za a biya da kuɗin talakawa, wajibi ne a gwada ta a kasuwa tukuna, a fassara ta da Hausa da sauran harsunan ƙasa, a kuma bayyana wa jama'a nawa aka kashe a kanta. Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin kasuwa su ma kada su zauna jiran gayyata. Su rubuta wa wakilansu na Majalisar Tarayya, su nemi a zauna da su tun kafin a yanke magana, su kuma matsa wa mutanensu kowa ya yanki katin ɗan ƙasa, ya buɗe asusu, domin kada wata doka ta sake samun su ba shiri. Allah ya ba shugabanni kunnen sauraro.