Jakar iska ba ta ƙara wa mota birki

1/ Masu a-kori-kura na Zariya, yau da ku nake. Wai sabon yayi: a ƙara sifirin ko a sa wa Hilux jakar iska a baya, don ta ja tirela ba tare da ta durƙusa ba.

2/ Eh, jakar tana ɗaga bayan mota. Iyakarta ke nan fa. Birkin shi ne na jiya, tayoyin su ne na jiya, shasi bai canza ba.

3/ Hilux kusan tan 1 aka ƙera ta ta ɗauka, buhun masara 10 ke nan. Tirela marar birki kuwa, kilo 750 ne iyakarta.

4/ A da in lodi ya yi yawa, motar durƙusawa take, kowa ya gani. Yanzu iska ta rufa asiri, sai ranar taka birki.

5/ Mu da ke bin hanyar Kufena zuwa Wusasa a kan acaɓa, da yaran makaranta masu tsallaka titi, mu ne a gabanku.

6/ Na san mai ya yi tsada. Amma wallahi sawu biyu ya fi ɗaukar alhakin rai sauƙi. Ku rage lodi, don Allah.