Wasiƙa ga kwamishinonin gasar besbol ta kwamfuta

'Yan'uwa masu riƙe da gasa,

Ina so mu yi zancen mutumin da kuka fi mantawa da shi, wato mai ƙungiyar da ke can ƙasan tebur.

Kun san yadda abin yake a Out of the Park Baseball, manhajar da Bajamushen nan Markus Heinsohn ya fitar a 1999. Kowa ya shirya 'yan wasansa ya turo fayil, kwamishina ya tattara, kwamfuta ta buga wasannin mako ɗaya ko biyu. Wanda ke kan gaba ba ya bukatar lallashi, shi ke riga kowa turowa. Amma kaka wasa 162 ce, kuma wanda aka ci sau 55 kafin a kai rabi, sai fayil ɗinsa ya fara makara, daga nan shiru. Kwamfuta ta karɓi ƙungiyar, abokan rukuninsa su yi ta kwasar nasara a bagas, sauran rukunai su fara gunaguni. Ranar da ka fita neman magaji, wa zai karɓi kango? Ka tuntuɓe shi tun karo na biyu da bai turo ba, kai da shi kaɗai, ba a gaban jama'a ba. Ka tambaye shi shirinsa na kaka uku masu zuwa. Sau da yawa tambayar kawai ke dawo da mutum.

Ka bar shi ya rushe ya sake gini idan ya ga dama. Ko a gasar gaske ta MLB an yi haka: Houston Astros sun sha kashi sau 106, 107 da 111 daga 2011 zuwa 2013. Abin da za ka hana shi ne ajiye gwanaye a benci da gangan don samun zaɓin farko na sababbin 'yan wasa. Ita kanta MLB sai da ta kawo ƙuri'a a 2022 kan zaɓuka shida na farko.

Batun soke ciniki kuwa, a yi hattara. A 1976 kwamishinan MLB Bowie Kuhn ya hana mai ƙungiya Charlie Finley sayar da 'yan wasansa Vida Blue, Joe Rudi da Rollie Fingers, aka je kotu, Kuhn ya yi nasara. Kai ba ka da kotu, wanda ka ɓata wa rai tafiyarsa kawai zai yi. Ciniki na wauta ba laifi ba ne, haɗin baki shi ne laifi. Sabon shiga kaɗai nake karewa, a kakarsa ta farko, don tsofaffin hannu suna jin ƙanshinsa tun daga nesa. In kana da taka ƙungiyar, wasu mutum biyu su riƙa duba cinikinka.

Idan ka ce Talata da Asabar ake bugawa, to a buga ko da mutum uku ba su turo ba. Ka koya wa mataimaki aikin tun kafin rashin lafiya ta zo, ka kuma ajiye kwafin fayil ɗin gasa kafin kowane bugu.

Naku,
wani tsohon kwamishina