Ziyarar Ɗalibai Zuwa Landan: Ina Ribarta?

Kowace shekara, in an ba da hutu, ƙungiyoyin ɗalibai daga ƙasashe dabam dabam sukan sauka birnin Landan bisa shirin musayar ɗalibai, har da na Nijeriya. Akan zaga da su Fadar Bakingham, da Majalisar Dokoki ta Westminista, da hasumiyar agogon nan Big Ben, su ɗauki hotuna, su komo. To, tun da darajar naira ta faɗi a 2023, kuɗin jirgi da na masauki sun yi wa iyaye da hukuma nauyi ƙwarai. Saboda haka ya kamata mu tambayi kanmu ko kwalliya tana biyan kuɗin sabulu.

Mu dai a ganinmu tana biya, amma fa sai ga wanda ya tafi da shiri. Magabatanmu sun nuna haka. A 1943 Malam Abubakar Imam ya je Ingila cikin ayarin 'yan jarida na Afirka ta Yamma, ya komo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. A 1945 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tafi Jami'ar Landan karatun aikin malanta, a 1946 Malam Aminu Kano ya bi sawunsa. Da suka komo, Malam Abubakar ya tashi a Majalisar Arewa a 1950 ya nemi a gyara tsarin mulkin En'e, shi kuwa Malam Aminu ya ja gaba wajen haɗa kan malaman makaranta. Dalili kuwa, sun tafi sun san halin ƙasarsu sarai, don haka duk abin da suka gani suna da abin gwada shi.

Ga misali a yau. Kusan kowace ƙungiya takan shiga Gidan Adana Kayan Tarihi na Birtaniya, wanda aka kafa a 1753, ga shi kuma shiga kyauta ne. A ciki akwai kayan Masarautar Benin wajen 900, mafi yawansu daga cikin waɗanda sojan Ingila suka kwashe a 1897. A 2022 Jamus ta yarda ta mayar wa Nijeriya mallakar irin waɗannan kaya fiye da 1,000, wani gidan tarihi na Landan mai suna Horniman shi ma ya sallama guda 72. A 2025 Holan ta dawo da 119. Amma babban gidan na Birtaniya yana kafa hujja da dokar 1963 wadda ta hana shi rabuwa da kayansa. Yaron da aka karantar da shi wannan labari zai tsaya gaban tagullar nan ya yi wa mai jagora tambaya mai ma'ana. Wanda ba a karantar ba kuwa zai wuce ta kamar yadda ya wuce sauran.

Saboda haka muna ba malamai da ma'aikatan ilmi shawara uku. Ta farko, a zaɓi ɗalibai bisa ƙwazonsu, kada a duba ɗan wane ne, gama in son kai ya shiga, kuɗin jama'a ya tafi a banza. Ta biyu, kafin a nemi takardar izinin shiga Ingila, a fara kai su Gidan Makama a Kano, ko gidan tarihi na Jos wanda aka buɗe a 1952, su ga abin da ke gida. Ta uku, in sun komo, kowane ɗaya ya rubuta abin da ya gano, ya karanta wa 'yan'uwansa da ba su sami zuwa ba.

Sa'an nan kada mu manta ma'anar kalmar musaya, watau a ba ka, kai ma ka bayar. In makarantar Ingila ta karɓi yaranmu, lalle mu ma mu gayyato nata su zo su ga ganuwar Kano da Gobarau ta Katsina, yaranmu su zama masu yi musu bayani. Wannan aiki yana wuyan shugabannin makarantu, kuma tun farkon shekarar karatu ya kamata a soma shi. Allah ya sa mu dace.